Ido Ba Mudu Ba: Gani da Ƙwaƙwalwa a Tarihin Adon Ƙasar Sakkwato

Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga da Shagari sa'an nan ta wuce Tambuwal, tsohuwar hanya ce. Ta Boɗinga Bature Heinrich Barth ya bi a watan Mayu na 1853, sa'ad da ya nufi Gwandu. Kafin zuwansa da wajen shekara arba'in kuwa, watau daga misalin 1810 zuwa 1815, wannan ɗan yanki shi ne cibiyar daular Usmaniyya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, kusa da juna ƙwarai, Muhammadu Bello kuwa yana ta fama da ginin Sakkwato.

Duk wanda ya zaga kasuwannin wannan yanki, ko ya shiga zauren wani dattijo, in ya lura da kayan adon da aka gada kaka da kakanni, zai ga abu guda yana ta dawowa. A ƙirjin riga, da gafakar Alƙur'ani, da allon zayyana, da bayan ƙwarya, layi ne da kusurwa da da'ira da ƙulli. Da wuya a ga fuskar mutum ko cikakkiyar siffar dabba. Amsar da aka saba bayarwa, Turawa da 'yan gida duka, gajeruwa ce: Musulunci ya hana sura, don haka masu sana'a suka koma ga zane. Amsar tana da gaskiyarta, amma rabin magana ce. Hani yana iya bayyana abin da mutum ya bari. Ba ya bayyana dalilin da ya sa, daga cikin abin da ya rage, ya ɗauki wannan ya ƙyale wancan. Wannan maƙala za ta bi sauran rabin, watau yadda halittar ido da ƙwaƙwalwa, da irin hasken ƙasar nan, suka bi da hannun magini da maɗinki da mai zayyana.

Ya kamata a fara da hanin kansa, tun da a kansa aka jingina komai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa, watau wadda aka sassaƙa ko aka gina ta tsaya da jikinta. Wadda aka zana a kan shimfiɗaɗɗen abu hukuncinta bai kai nan ba. Itace da fure da kogi kuwa babu laifi a kansu ko kaɗan, shi ya sa Banu Umayya suka cika bangon Masallacin Dimashƙa da itatuwa da ƙoramu tun farkon ƙarni na 8. Ashe ƙofa a buɗe take ga wanda ya so, amma masu sana'ar ƙasar Hausa ba su cika bi ta cikinta ba. Abin lura kuma shi ne, ma'aunin da malaman fiƙihu suka kafa, watau inuwa, ma'auni ne na ido. Sun san cewa inuwa ita ke sa abu ya tashi ya yi kamar yana da jiki.

Abin da ya fi damun shugabannin jihadi game da ado ma tufafi ne. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, Malam Abdullahi ya koka a kan mutanen da himmarsu ta koma ga mulki da dawaki da suturar ƙawa. A wajen 1812 aka sami bambancin fahimta tsakaninsa da yayansa a kan kaɗa tambura, da sunayen sarauta, da sanya kayan ƙawa. Malam Abdullahi ya tsananta a Liya'us Sulɗan, Shehu kuwa ya sassauta a Najmul Ikhwan. Dukansu biyu sun san hadisin da ya hana wa namiji alharini in ban da gwargwadon yatsa biyu, ko uku, ko huɗu. A lokaci guda kuma daular da suka kafa tana bukatar riga, domin da riga da rawani ake naɗa mutum, da su ake yi wa malami da jarumi kyauta. Maɗinkin wannan zamani ya tarar da kansa gaban tambaya mai wuya: da ɗan zare kaɗan, a ɗan fili ƙanƙane, yaya za a yi riga ta cika ido? Ba a littafin fiƙihu amsar take ba. Sai wanda ya san halin ido.

Harshen Hausa kansa ya ajiye wani sani game da wannan hali. Bahaushe ya tara sauti da ƙanshi da ɗanɗano da taɓi duk ya sa su ƙarƙashin kalma ɗaya, ji, ya ware gani ya ba shi gidansa daban. Daga tushen gani ne kuma aka sami gane, kuma in mutum zai faɗi ra'ayinsa sai ya ce a ganinsa. Ke nan a wurin Bahaushe gani bai tsaya ga buɗe ido ba, yana tare da hukunci. Karin maganar nan da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan take nufi: ido ba ya awo, kintace yake yi, kuma yawanci yana dacewa. Har ila yau harshen ya raba ƙyalla ido da ƙura ido, ya raba hange da leƙe, kowanne da nisansa da daɗewarsa.

Wanda ya fara shimfiɗa wannan magana bisa hujja da gwaji shi ne Alhasan ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin Kitabul Manazir, mai juzu'i 7, ya rushe ra'ayin Uƙlidus da Baɗlaimus na cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo. Ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ido da kansa haske da launi kawai yake karɓa. Nisa da girma da siffa da kyau da muni, waɗannan sai hankali ya kwatanta, ya tuna, ya yanke hukunci, cikin saurin da mutum ba ya ma sanin ya yi. Ya lissafa abubuwa 22 da ake riska ta hanyar gani, kuma ya raba riskar kallo ɗaya da riskar da ke bukatar tsayawa a lura, daidai da ƙyallawa da ƙura idon Bahaushe. Da ya zo maganar kyau sai ya kawo misalin rubutu, ya ce haruffa ko da kowannensu ya yi kyau, in ba su dace da juna a girma ba, rubutun ba zai yi kyau ba. Sai bayan fiye da shekara 800, a 1867, Bajamushe Helmholtz ya sake faɗin kusan wannan magana da sunan hukuncin da ake yi ba da sani ba.

A Sakkwato ma ba a rasa masu damuwa da ido da awo ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai kan magani, cikinsu har da wanda ya keɓe ga ciwon ido. Sa'ad da Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, cikin kyautar da ya kawo har da littafin handasa na Uƙlidus da Larabci. Bello ya yi murna da shi, ya ce da ma gidansu suna da irinsa wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Daga baya Clapperton ya shiga ya same shi yana karatun littafin. A zuwansa na farko kuwa, a 1824, Baturen ya tarar ana ginin masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, ya kuma yi hira da shugaban maginan. Mutumin Zazzau ne, ya ce mahaifinsa ya je Masar ya koyo wani abu na gini, ya bar masa takardunsa, kuma abin da ya roƙa a wurin baƙon shi ne sandar awo. Wasu masana suna zaton wannan magini shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, mai mulki daga 1834 zuwa 1846. Yawancin magina dai ba su da takarda ko sandar awo. Da ido da hannu suka yi aiki, kuma nan ne binciken likitocin ƙarni na 20 yake da abin faɗa.

A tantanin da ke bayan ƙwayar ido akwai ƙwayoyi masu karɓar haske wajen miliyan 100, amma zaruruwan jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ba su fi wajen miliyan 1 ba. Tilas ke nan a tace labari tun kafin ya bar ido. A 1953, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Stephen Kuffler ya gano yadda ake tacewar: ƙwayoyin jijiyar ido ba su cika kula da fili mai haske bai ɗaya ba, inda haske ya yi iyaka da duhu nan suke motsawa. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel, suna gwaji da kyanwa, suka tarar cewa a sashen gani na ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, akwai ƙwayoyin da kowacce take jiran layi mai wata karkata ta musamman. Wata ba ta amsawa sai ga layi tsaye, wata sai ga kwance, wata sai ga wanda ya jirkice. Wannan aiki ya jawo musu kyautar Nobel a 1981. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, abin da ƙwaƙwalwa ke fara nema a duniya shi ne iyaka, gefen abu, layi. Wanda ya ba ta layi mai kaifi ya ba ta abin da take jira.

To, magini ba shi da tawada, da me zai ja layi a jikin bango? Da inuwa. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya tsakar ka sosai, kuma ko a Disamba tsayinta da tsakar rana ba ya yin ƙasa da digiri 53. Saboda haka haske yakan sauko a jikin bango a karkace, kamar yana shafar sa, ɗan tudun da magini ya tayar da yatsunsa a ɗanyen yaɓe sai ya jefa inuwar da ta fi shi tsawo. Bangon duk launi ɗaya ne, ƙasa ce da makuba, amma daga nesa sai a ga kamar an zana shi da baƙi. Daɗin daɗawa, ƙwaƙwalwa tana ɗauka kullum cewa haske daga sama yake zuwa. Abin da ke da haske a sama da duhu a ƙasa tudu ne a wurinta, akasin haka kuwa rami. Mai karatu yana iya gwadawa: ya sami hoton bango mai zane ya juya shi ƙasa ta koma sama, zai ga tudu ya zama kwari. Da wannan ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa magini yake ciniki. Zankwaye ma haka: ran da hazon hunturu ya rufe gari, launi da ƙananan zane duk sukan ɓace, ba abin da ke saura sai siffar soro a jikin sararin sama, kuma zanko shi ke ba wannan siffa kusurwar da ido zai kama.

Gaskiya ne ginin Sakkwato da kewayenta bai kai na Zariya da Kano yawan zane ba, kuma ba a raba wannan da halin gudun duniya na waɗanda suka kafa garuruwan. Gaskiya ne kuma a ƙarni na 19 yawancin zanen a ciki ake yin sa, a masallatai da gidajen sarauta. Ciki kuwa wata duniya ce. Wanda ya fito daga rana ya shiga soro, idonsa yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma ƙwayoyin da ke aiki a duhu ba su rarrabe launi. Shi ya sa adon ginshiƙan Masallacin Zariya ya zama manyan layuka masu zurfi, waɗanda ɗan hasken ƙofa ya isa ya fito da su, bakan gizo kuma yana ɗaukar ido daga ƙasa ya kai shi tsakiyar rufi. Mata ma sun warware wannan matsala ta hanyarsu. Ɗakin amarya ba shi da babbar taga, sai aka yi masa jere, da ƙore ne, daga baya tasoshi da kwanoni, abubuwa masu ƙyalli da aka jera sahu sahu bisa girma. Ɗan hasken da ya shigo sai kowane kwano ya kama nasa ya mayar.

Game da launi, a nan ma harshe ya riga ya ba da shaida. Fari da baƙi da ja su ne suka fi kowane launi yawan amsa-kama: fari fat, fari sol, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ja wur, ja zur. Kore ya sami shar. Saura kuwa yawanci aro ne daga wani abu, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan goro. Rawaya ma sunan tsiron da ake rini da saiwarsa ne. Tufar da ta sha baba sosai ba a ce mata shuɗiya, baƙa ake cewa. Launukan da suka fi nisa da juna a ido su ne suka fi ƙarfi a baki.

Babu inda aka yi aiki da wannan bambanci da hikima kamar Alƙur'anin hannu. Marubuci yakan sa baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin sadarwa da ɗigon kore. Ƙarshen aya da alamarsa, aya biyar da kumsa, aya goma da kuri, hizifi da sujada da tasu zayyanar a gefen shafi. Wanda bai sani ba zai ce ƙawa ce kawai. Amma a 1980 Anne Treisman ta nuna da gwaji cewa abin da ya bambanta da maƙwabtansa a launi kaɗai yakan faɗo wa ido nan take, komai yawan abin da ke kewaye da shi, alhali wanda bambancinsa ya haɗa siffofi biyu sai an bi ɗaya ɗaya ana nema. Gardin da ke tilawa a gaban fitilar aci-bal-bal ba ya neman wasali, wasalin ke zuwa gare shi. In kuma yana son kan hizifi, ba sai ya karanta ba, ya dinga ɗaga warƙa har zayyanar ta bayyana. Launi a nan ma'aikaci ne, kuma kuskure ɗaya a cikinsa kuskure ne a karatu.

A shekarar da Clapperton ya fara zuwa Sakkwato, 1824, aka naɗa Michel Chevreul shugaban marinar masaƙar Gobelins a birnin Faris. Masaƙa suna ƙarar cewa baƙin zaren da ake ba su ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launin da ke maƙwabtaka da baƙin ne ke canza shi a ido. Ya buga littafinsa kan haka a 1839. Dukawan Sakkwato ba su jira shi ba. Fatar jar akuya, wadda ake rinawa da karan dafi, wadda ta ratsa Sahara har Turai aka riƙa kiranta fatar Maroko, ba a cika barinta ja zalla ba. Baduku yakan ratsa ta da siririn kore, domin ja da kore abokan hamayya ne a jijiyar gani, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Sau da yawa kuma yakan shiga tsakaninsu da baƙin layi ko fari, don kada iyakar ta yi rawa a ido.

Amma riga ita ce babbar makaranta, domin ita kaɗai ce ake kallo daga nesa da kusa, tana tafiya. A fara da yadin kansa. Saƙi ƙananan gidaje ne na shuɗi da fari, kamar jikin zabo. Lafiyayyen ido ba ya iya raba abu biyu da tazararsu ta gaza kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A nisan mita 10 wannan ya kama wajen milimita 3. Don haka mai rigar saƙi in yana tafe daga bakin kasuwa, launi ɗaya ake gani, wani shuɗi mai toka toka wanda babu marinar da ta rina shi, ido ne ya gauraya. Sai ya matso a yi hannu, launin ya watse ya koma gidaje. Riga ɗaya, kallo biyu. Bafaranshe Seurat ya yi suna a shekarun 1880 da zanen ɗige ɗige bisa wannan ƙa'ida, alhali masaƙan Nufe da Hausa sun daɗe suna sayar da ita ƙwarya ƙwarya.

Sa'an nan aikin. Wanda ke zana shi a kan riga sau da yawa malami ne ko almajiri, da alƙalamin kara da tawada, hannun da ya saba da allo. Maɗinki ya biyo baya da allura. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma shirya nunin fasahar Hausa a Landan a 1976, ya yi dogon bincike kan wannan sana'a. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne tsarin. Tun 1886 Ernst Mach ya lura cewa ido ya fi saurin gane abin da damansa da hagunsa suka yi daidai, kamar fuska. Allon zayyana da ƙofar zaure da hula duk sun bi wannan. Babbar riga kuwa ta ƙi. An tara nauyin aiki a hagu, wajen aljihu, inda aska biyu ko aska takwas suke saukowa da tsininsu ƙasa, aka bar dama da tambari guda, da'ira mai naɗewa. Jikin mutum daidai yake dama da hagu, rigar ma haka aka yanka ta. A kan wannan daidaito ne aka ɗora abin da ya karya shi, kuma abin da ya karya tsari shi ido ke fara zuwa gare shi. Kaifi a gefe ɗaya, zagaye a ɗaya gefen, ido ya rasa inda zai zauna sai ya yi ta kai da kawowa, wuyan rigar da fuskar mai ita kuwa suna tsakani.

Wannan kai da kawowa ba salon magana ba ne. Wurin da ido ke gani tar ɗan ƙanƙane ne, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba in an miƙe hannu. Sauran fili duk dishi dishi ne. Don haka ido yana tsalle wajen sau uku a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa abin da ya tsinto; Alfred Yarbus na Rasha ya bi sawun wannan tsalle da na'ura, ya buga sakamakon a 1965. Aikin riga mai kyau yana ciyar da gani iri biyun: manyan askake domin gefen ido da mai hange, dubban ƙananan idanun ɗinki domin wanda ya zauna kusa ya ƙura. Inda aka yi fari a kan fari kuwa, ko tsamiya a kan farin yadi, babu bambancin launi sosai, sai na sheƙi. Zaren da aka kwantar ta nan yana mayar da haske daban da wanda aka kwantar ta can, saboda haka in mai rigar ya motsa kafaɗa, wani sashe ya haska wani ya mutu. Ibnul Haisam ya ambaci irin wannan, cewa lallausan zane yakan ɓuya a wani haske ya bayyana a wani. Bugun da ake yi wa turkuɗi da rawani ɗan Kura har su yi walƙiya, shi ma neman wannan ne.

Dagi yana da nasa sirrin. A shimfiɗe yake, amma ba mai ganinsa a shimfiɗe. Kowa igiya yake gani tana hawa tana nutsewa. Dalili kuwa, in layi ya katse a gefen wani ya ci gaba a ɗaya gefen, ƙwaƙwalwa takan yanke cewa layi ɗaya ne ya bi ta ƙarƙashi. Max Wertheimer ya bayyana wannan ɗabi'a ta bin layi a 1923. Mai zane ya sami tudu da zurfi ba tare da ya yi abu mai inuwa ba, kuma ya ba ido aikin da ba ya ƙarewa, don igiyar ba ta da bakin farko balle na ƙarshe. Ba mamaki da Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauke shi alama. Sunayen zanen su ma abin dubawa ne: aska, tambari, dagi, bakan gizo, ƙafar kaza. An ce an guje wa sura, amma da aka ga dogon kusurwa sai aka ce aska ce. Ƙwaƙwalwa ba ta iya barin siffa ba suna.

Kada dai a wuce gona da iri. Idon Basakkwace da na mutumin Ife ɗaya ne, kuma mutanen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sun gina kawunan mutane da yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Su ma da inuwa suka yi aiki, don huda ƙwayar idon suke yi ramin ya ba da baƙi. Ƙwaƙwalwa iyaka take shatawa, ta nuna abin da zai kama ido da wanda ba zai kama ba. Zaɓi daga ciki kuwa na tarihi ne: shari'a, da allo, da fataucin Sahara da ya kawo alharini da takarda, da baba da bagaruwa da giginya da ƙasar ta bayar.

Shi ya sa da tarihin ya juya, adon ya juya tare da shi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sannu a hankali siminti da fenti da kwanon rufi da keken ɗinki suka shigo. Attajirai suka fito da zane waje, a fuskar gida. Kirk-Greene ya buga ɗan littafi a 1963 kan gidajen Zariya masu zane, kuma a irin waɗannan bangaye an ga keke da mota da jirgin sama da agogo, ba wanda ya ce an yi saɓo. Keken kuwa daga gefe ake zana shi, da'ira biyu da ƙarfen da ya haɗa su, don ta nan ne ake gane shi da kallo ɗaya. Haka aka san Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983: doguwar hula da babbar riga sun isa, ko ba a ga fuska ba, har hular ta ɗauki sunan garinsu a kasuwannin Nijeriya. Siminti kuwa ba ya jiran yatsa kamar yaɓe, sai aka riƙa shafe bango sumul, fenti ya karɓi aikin da inuwa take yi. Keken aiki yana gama a kwana ɗaya abin da allura ke ɗaukar watanni, amma zarensa kwanciya ɗaya yake yi, sheƙinsa bai ɗaya. Mai sayen rigar da ya san kaya ba ya yarda da hasken cikin rumfa. Yakan fito da ita bakin hanya, ya ɗaga aljihun ga rana, ya karkata shi dama ya karkata hagu, ya juya cikin ya duba bayan ɗinkin, sa'an nan ya taya.